Gizo a Cikin Aji: Abin da Tarihin Damagaram Ya Bar wa Malamai da Iyaye

Duk sa'ad da aka taso da maganar koyar da ƙananan yara ta hanyar tatsuniya da wasan 'yar tsana, amsa biyu nake yawan ji. Iyaye su ce, "Mun kai yaro lakwal ne ya yi karatu, wasa ai yana yi a gida." Malamai kuma su ce wannan dabarar masu kuɗi ce, mu da littafi ma bai ishe mu ba, ina mu ina 'yar tsana? Duka ɓangarorin biyu sun ɗauka abin baƙo ne, daga waje aka kawo mana shi. Ni kuwa a nawa ganin, wanda ya bi tarihin Damagaram a tsanake zai tarar da cewa kayan aikin nan namu ne tun kaka da kakanni. Makarantar boko ce ta zo ta bar su a bakin ƙofa, mu kuma muka manta ba mu koma mun ɗauko ba.

Yaron Dambanas

Bari in fara da wani yaro da aka haifa wajajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance. Sunansa Dorugu. A wancan zamani Damagaram tana ƙarƙashin Barno, tana kai gaisuwa Kukawa, kuma Zinder babbar mahaɗa ce ta fatake masu ratsa hamada zuwa Agadas da Tarabulus. Cikin hajar da ake fatauci da ita har da mutane. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya sauka Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda ya ga ana shigowa da bayi garin bayan an kai hari ƙauyuka. Irin wannan ƙaddara ce ta faɗa wa Dorugu yana ɗan shekara goma sha. Mahara suka kama shi, aka bi da shi ta Zinder, aka kai shi Kukawa.

A can ne wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, ya 'yanta shi tare da wani yaro mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaran biyu suka bi abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Tare da shi Dorugu ya sake ratsa Zinder a ƙarshen 1852, suka isa Tambutu a 1853, daga bisani suka tsallaka hamada da teku suka sauka Landan a 1855.

A Ingila wani malamin mishan mai nazarin harsuna, J. F. Schön, ya zaunar da shi yana faɗa yana rubutawa. Dorugu ya ba shi labarin rayuwarsa, ya kuma ba shi tatsuniyoyi. Da su aka gina wani babban sashe na littafin Magana Hausa da ya fito a 1885, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan Hausa a rubutun boko. Dorugu ya dawo Afirka a 1864. A ƙarshen rayuwarsa ya yi koyarwa a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano, a nan kuma ya rasu a 1912.

Malamai, ku tsaya ku dubi wannan. An raba yaro da iyayensa, da garinsu, da abokan wasansa. An kai shi inda ba mai jin harshensa. Amma tatsuniyoyin da ya ji kafin ya kai shekara goma sha biyu suna nan daram a kansa, da jerinsu, da muryar kowane ɗan wasa a ciki. Ba wanda ya sa shi hadda da bulala, ba wanda ya yi masa jarrabawa. Wace irin koyarwa ce take kama zuciyar yaro haka?

Makarantar tsakar gida

Amsar tana tsakar gida bayan sallar isha'i. Tatsuniya, ko gatana kamar yadda muke cewa a Nijar, tana da tsari, kuma duk wanda ya karanci dabarun koyarwa zai gane su a cikinta. Mai bayarwa ba ta farawa sai ta nemi izini. Ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa "Ta zo mu ji ta." Da wannan amsa ɗaya kowa ya shigo ciki, surutu ya yanke. A tsakiyar labari akwai 'yar waƙa da ake maimaitawa, yara su karɓa, don haka ba mai gyangyaɗi. Gizo yana da tsamin baki, Kura tana da tata murya, Dodo yana da tasa, yaro yana jin sauti ya san wa ke magana. Abu yakan faru sau uku, a karo na uku ya sauya, sai yaro ya fara hasashen abin da zai biyo baya. In an ce "Ƙurunƙus," an rufe, sai a juya a ce wane ma ya kawo tasa. Kafin tatsuniya kuma sau da yawa akan wasa ƙwaƙwalwa da kacici-kacici.

Da gari ya waye, labarin yakan koma hannu. 'Yan mata su haɗa 'yar tsana da kara ko ƙashi, su yi mata kitso, su ɗaura mata ƙyalle, har su yi mata biki da gara da kai amarya. Maza su hau dokin kara, su ƙera motar kara, su gina shanu da raƙuma da yumɓu. Cikin azumi ga tashe, inda yara suke shiga kama iri-iri suna bi gida-gida. Yaron da ya ji labari da dare, ya taka shi da rana, ya riga ya yi abin da littattafan horon malamai suke kira sauraro, da maimaitawa, da kwaikwayo.

Ɗiyan dabo da wasan kara

Manya ma suna da nasu. A ƙasar Hausa da Barno an daɗe da sanin masu wasa da 'yan tsana na sawa a hannu, waɗanda a Nijar ake kira ɗiyan dabo. Wani jami'in mulkin mallaka, R. E. Ellison, ya bayyana irin wannan wasa da ya gani a Barno a 1935. Mai wasan yakan kafa sanda ya rataya babbar rigarsa ta zama 'yar rumfa, ya shige ƙarƙashi, ya riƙa fito da 'yan tsanan ta wuyan rigar. A bakinsa akwai wani ɗan abu da aka yi da ɓawon ƙwan jimina, mai mayar da murya siririya. Riga ɗaya da sanda ɗaya, dandali ya kammala. Gaskiya ne wasan kasuwa ne, na manya, wani lokaci har da batsa a ciki, kuma sunan dabo kansa ya sa mutane da yawa suna ƙyamarsa. Abin da nake so mu ɗauka a nan shi ne dabarar. Kakanninmu sun san cewa in ka ɓoye fuskarka ka bar wani ɗan abu ya yi magana, mutane za su taru su kasa kunne.

Abin da Zinder ta fi shahara da shi kuwa shi ne wasan kara. Bayan an yi girbi, kara ya wadata, matasa sukan ƙera dawaki da bindigogi da sauran kayan mulki da kara, su raba muƙamai, wannan sarki, wannan kwamanda, wannan gwamna. Daga baya har shugaban ƙasa da ministocinsa aka riƙa fitarwa. Kowa yakan nazarci wanda yake kwaikwaya, tafiyarsa, da tarinsa, da yadda yake gyara hula, jama'a su yi ta dariya, wani lokaci mai muƙamin na gaskiya yana zaune yana kallo. Inoussa Ousseini, ɗan Zinder mai shirya fim, ya ɗauki wannan wasa a fim ɗinsa Wasan Kara a 1980. Garin da ya ga shigowar sojan Faransa bayan yaƙin Tirmini a 1899, ya zama babban birnin Nijar daga 1911, aka kuma ɗauke masa wannan matsayi aka kai Yamai a 1926, ya samo hanyar faɗa wa masu mulki gaskiya da karan gero.

Daga wannan tushe ne wasan kwaikwayon zamani na Zinder ya tsiro. A nan aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a 1976, zamanin Seyni Kountché, lokacin da ƙungiyoyin samariya suke tashe. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Zinder, wadda Yazi Dogo ya yi fice a cikinta, ta shiga gidajen mutane ta rediyo da talabijin, kuma shi kansa Yazi Dogo malamin makaranta ne. Janet Beik, wadda ta wallafa littafi a kan wasan kwaikwayon Hausa na Nijar a 1987, ta nuna cewa 'yan wasan ba su dogara da rubutaccen zance ba. Sukan yarda a kan ƙashin labari, kowa ya san halin wanda yake wakilta, sauran magana ta fito a dandali. André Salifou kuma, masanin tarihin da jami'ar Zinder take ɗauke da sunansa a yau, bai tsaya ga littafinsa na 1971 a kan Damagaram ba, sai da ya mayar da tarihin Sarki Tanimun wasan kwaikwayo, domin ya san abin da ido ya gani ya fi zama.

Ranar da aka bar Gizo a waje

To, in haka gari yake, me ya sa ajinmu ya zama wurin shiru da kwafe allo? Lakwal ta zo da sharaɗi guda, wato Faransanci kaɗai tun daga ranar farko. Dattawan da suka yi makaranta a wancan lokaci suna tuna "sambol", wani abu da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen gida, ya yi ta neman wanda zai miƙa wa kafin a tashi, don kada hukunci ya faɗa kansa. Yaro ɗan shekara bakwai da ya zo da tatsuniya ashirin a kansa sai ya koma kurma. Waƙoƙin hadda da ake ba shi na dabbobi ne ma, hankaka da dila, amma cikin harshen da bai ji, alhali yana da nasa hankakan da nasa dilan a gida. Farfesa Abdou Moumouni ya soki wannan tsari tun 1964 a littafinsa kan ilimi a Afirka, ya ce a koyar da yara da harsunansu.

Abin alfahari, a Zinder aka fara gyara. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da Hausa da Faransanci, a jikin makarantar horon malamai ta garin. Yaro yakan fara karatu da rubutu da lissafi da Hausa, Faransanci ya shigo a hankali, da baki tukuna, sannan ya karɓi ragama a manyan azuzuwa. Daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci, da Fulatanci, da Barbarci, da Buzanci. Binciken da aka yi a kan waɗannan makarantu ya nuna yaransu sun fi sakin jiki a aji, sun fi tambaya, kuma ba su kasa takwarorinsu ba. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. Duk da haka aka shafe shekaru gommai ana kiran abin "gwaji", a makarantu 'yan ƙalilan, kamar tuwon da aka ƙi saukewa.

A tsallaken iyaka ma an bi wannan hanya. Abubakar Imam ya gina Magana Jari Ce ne a kan aku mai riƙe ɗan sarki da labari har gari ya waye, kuma don 'yan makaranta aka rubuta shi a ƙarshen shekarun 1930. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni don yaran firamare a farkon shekarun 1970. Shirin 'yan tsana na Sesame Square ya fara a talabijin ɗin Najeriya a 2011, daga baya aka mayar da shi Hausa da sunan Dandalin Sesame.

Shakku biyu da ya kamata a amsa

Na san akwai iyayen da damuwarsu ta addini ce, kuma bai dace malami ya yi musu dariya ba. Suna tambaya, 'yar tsana ba mutum-mutumi ba ce? Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa cikin kayan wasanta har da doki mai fukafukai. A kan haka malamai da yawa suka keɓe kayan wasan yara daga hanin. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, yana da mafita a cikin al'adarmu, domin 'yar tsanar kara ba ta da fuska, kuma ludayi da aka ɗaura wa ƙyalle ya isa ya zama Ƙoƙi. Shawarata ga malami ita ce ya kira iyaye ya nuna musu abin da zai yi tun kafin ya fara.

Shakka ta biyu ita ce, tatsuniya ƙarya ce, Gizo kuma maƙaryaci ne, me yaro zai koya? Ai mai tatsuniya da bakinta take sanar da cewa ƙirƙira ce in ta zo rufewa, yara kuma sun san haka. Sannan a yawancin labaran, haɗamar Gizo ita take kai shi ƙasa. Inda ya yi zamba ya sha, nan ne malami zai tsaya ya tambayi aji, "Abin da ya yi daidai ne? Da kai ne Ƙoƙi me za ka ce masa?" Yaron da aka saba tambayarsa ra'ayinsa a kan Gizo, gobe zai iya auna maganar da ya ji a wayar salula. Camfin nan na cewa ba a tatsuniya da rana kuwa, hikimarsa kada yara su bar aike da aiki su zauna hira. A aji, labarin shi ne aikin.

Abin da za a iya yi ranar Litinin

Ga misali da labarin da kusan kowa ya sani, na Gizo da hankaki. Hankaki suna zuwa cin ɓaure a wata bishiya da ke tsakiyar ruwa, Gizo ya roƙa su tafi da shi, kowace ta ara masa gashi ɗaya ya yi fiffike. Da aka isa sai ya riƙa hana su ci, duk wanda suka nufa ya ce shi ya riga gani. Suka fusata, kowace ta zare gashinta, suka bar shi a kan bishiya.

Ranar farko malama ta ba da shi da baki, da buɗewa da rufewa irin na gida, ba tare da allo ba. Ta tsaya daidai inda hankaki suka fusata ta tambaya, "Me kuke jin za su yi?" Rana ta biyu a haɗa kayan wasa. Tsohuwar safa ko ƙullin tsumma a kan kara ya zama Gizo, yara su yanko gashin hankaka daga kwali ko ganyen masara. Zane ɗaya da yara biyu za su riƙe ya isa labule, kamar rigar mai ɗiyan dabo. Rana ta uku a taka labarin. Yara goma su zama hankaki, kowa ya miƙa gashinsa aji yana ƙirgawa, ɗaya, biyu, har goma, in an zo zarewa a ƙirga da baya. Ga tarawa ga ɗebewa sun shigo ba a ambaci sunansu ba. Rana ta huɗu yara su maimaita labarin da bakinsu, malama ta rubuta jimla huɗu ko biyar a allo daga abin da suka faɗa, su karanta maganarsu da kansu, su nemo harafin g a Gizo da gashi. Inda ake koyar da Faransanci, a nan za a shigo da kalmomi biyar ko shida, tunda ma'anar ta riga ta zauna. Rana ta biyar kowa ya zo da tatsuniyar da ya roƙo a gida.

Aji mai yara tamanin ba ya hana wannan. A raba su rukuni-rukuni, waɗanda ba su riƙe komai ba su zama 'yan amshi, gobe a juya. Kada a rubuta musu zance su haddace, a bi hanyar 'yan wasan Zinder, a yarda a kan ƙashin labari a bar bakinsu ya yi aiki. Abin da na lura da shi a aji shi ne, yaron da ba ya iya ɗaga ido ya amsa tambaya, in ya shiga bayan zane da ɗan tsumma a hannu sai ka ji murya ta fito, domin a ganinsa Gizo ne yake magana, in an yi dariya ma Gizo aka yi wa. Sai dai a kiyaye abu biyu. Kada 'yar tsana ta zama abin tsorata yara ko yi wa wani ba'a a kan ƙabilarsa ko lalurarsa, kuma kada wasan ya wuce minti ashirin, a tashi suna marmari.

Ku kuma iyaye, rabonku ya fi na malami. In yaro ya dawo ya ce an aiko shi neman tatsuniya, kada a ce masa ana aiki. A tura shi wurin kaka, in babu kaka a kusa uwa ta tuno ko guda ɗaya, uba ma ba a hana shi ba. Minti goma ne bayan an ci tuwo, a kife waya. Tsofaffin da suka san waɗannan labarai da waƙoƙinsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma wayar da ke ɗauke mana hankali tana iya naɗar muryarsu tun suna raye.

A watan Maris na 2025 sabon kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Doka tana iya buɗe ƙofar aji, amma ba ta san hanyar zuciyar ɗan shekara shida ba. In muka mayar da kwafe allo daga Faransanci zuwa Hausa kawai, muka bar bulala da shiru yadda suke, to an sauya wa tuwo suna ne. Littattafai za su ɗauki lokaci kafin su wadata, horon malamai ma haka. Kara kuwa yana nan a kowace gona daga Mirya zuwa Magarya, tsumma yana kowane gida, kuma har yanzu akwai tsohuwa a unguwar Birni ko Zango da za ta ce "Ga ta nan" in ta sami mai amsa mata.